Babi na Huɗu: Wa Ke Samun Damar Koyon Aikin Agaji?

A watan Agusta na 2015 wata jarida a birnin Geneva ta buga hoton wani saurayi sanye da kwat, da katin shaidar Majalisar Ɗinkin Duniya rataye a wuyansa, yana tsaye a gaban wani ɗan ƙaramin tanti kusa da tafkin garin. Sunansa David Hyde, ɗan ƙasar New Zealand, shekarunsa 22. An ɗauke shi horon sanin makamar aiki a ofishin Majalisar ba tare da biyan ko sisi ba, Geneva kuwa tana cikin garuruwan da suka fi ko'ina tsadar haya a duniya. Da rana yana ofis, da dare yana cikin tanti. Kwanaki kaɗan bayan hoton ya bazu sai ya ajiye aikin. Daga baya ya fito ya ce da gangan ya shirya kwanan tantin domin ya ja hankalin jama'a, har ma shi da abokiyar tafiyarsa suka yi fim a kan lamarin. Wasu sun ga laifinsa a kan haka. Sai dai abin da ya nuna wa duniya gaskiya ne: ana aiki a waɗannan ofisoshi wata da watanni ba lada, kuma a lokacin da yawa daga cikin manyan ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu haka suke yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne wanda ba a gani a hoton ba. Hyde yana da fasfon da ya kai shi Turai ba wahala, ya sami kuɗin jirgi, yana da gidan da zai koma idan abin ya gagara. Yarinyar da ta gama digiri a Jami'ar Maiduguri, ko saurayin da ya gama a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko kwanan tantin ma ba su samu ba. Ba su cika fom ɗin ba tun farko, don sun san inda maganar za ta tsaya. Alhali garuruwansu ne ake rubuta rahoto a kansu a waɗancan ofisoshi.

Horon sanin makamar aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗaliban jami'a da na kwalejojin kimiyya a Najeriya sun san shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, kowa kuma yana ce masa IT. A shekarar ce aka fara bautar ƙasa. A Nijar ma da wuya mai digiri ya sami aiki bai yi irin wannan zama na koyo a wani ofis ba. Na ƙungiyoyin agaji na duniya ya ɗan bambanta. Yawanci na wata uku ne zuwa shida, wani lokaci har shekara, ana ɗaukar wanda ke ƙarshen karatu ko wanda bai daɗe da gamawa ba, a ajiye shi a wani sashe ƙarƙashin wani ma'aikaci. Ba alkawarin aiki a ƙarshe. Amma kowa a fagen ya san ta nan ake shiga.

Da ba haka abin yake ba. Waɗanda suka kafa waɗannan ƙungiyoyi ba wanda ya yi musu horo. Eglantyne Jebb da ƙanwarta Dorothy Buxton sun kafa Save the Children a 1919 saboda yaran da yunwa ke kashewa a Turai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Oxfam ta faro a 1942 a matsayin wani ɗan kwamiti na malaman jami'a da na coci da 'yan kasuwa a garin Oxford na Ingila, masu neman a bari a kai abinci ƙasar Girka. Biyu daga cikin manyan da muke gani yau yaƙin basasar Najeriya ne ya haife su: Concern, wadda aka kafa a ƙasar Ireland a 1968 don aika kaya Biyafara, da kuma MSF, wadda wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can suka haɗu da 'yan jarida suka kafa a 1971. Islamic Relief kuwa wani likita ɗan Masar, Hany El-Banna, da abokansa ne suka fara ta a Birmingham a 1984, lokacin yunwar Sudan da Habasha. Duk waɗannan da tausayi da ƙarfin hali suka fara, a kan aikin suka koya.

Abin da ya sauya lamarin shi ne Ruwanda. A watan Yuli na 1994, bayan kisan kiyashi, ɗaruruwan dubban mutane suka kwarara garin Goma na ƙasar Zayar, Kwango ta yanzu. Kwalara da atini suka ɓarke, kusan mutum 50,000 suka mutu cikin wata guda. Ƙungiyoyi sun zo da yawa, wasu sun yi abin yabo, wasu kuma sun zo da kyakkyawar niyya ba ƙwarewa, suka ƙara wa ciwon gishiri. Binciken da aka yi daga baya bai rufa wa kowa asiri ba. Daga nan aka kafa shirin Sphere a 1997, wanda ya tsara mafi ƙarancin abin da ya wajaba a samar: lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, da makamantansu. Aikin agaji ya zama sana'a mai ƙa'idoji da kwasa-kwasai da digiri na biyu. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma rayuka da yawa sun tsira saboda shi. Amma ya zo da wani ƙulli. Tun daga lokacin kusan kowace sanarwar aiki, har ta ƙaramin muƙami, tana neman gogewar shekara biyu ko uku. Ba a ɗaukar ka sai kana da gogewa, gogewar kuma ba ta samuwa sai an ɗauke ka. Horon sanin makamar aiki ne aka ajiye ya warware ƙullin.

Wanda ya sami gurbin a hedikwata, a Landan ko Paris ko Dublin, sau da yawa yakan yi mamakin abin da ya tarar. Ba buhun masara, ba sansanin 'yan gudun hijira. Tebur ne da kwamfuta. Za a ba shi rahoton wata uku da ya zo daga Sudan ta Kudu ya gyara Turancinsa, ya duba ko adadin da ke shafi na uku ya yi daidai da na jadawalin ƙarshe. Zai shigar da sunayen masu ba da gudummawa cikin rumbun bayanai, ya rubuta wasiƙun godiya, ya nemo hoton da za a sa a Facebook, ya rubuta abin da aka tattauna a taro. Wasu sukan raina wannan aiki. Ni ban raina shi ba. A nan ake koyon yadda kuɗi ke tafiya, wanda shi ne ilimin da ya fi kowanne tsada a fagen: yadda ake rubuta takardar neman tallafi, abin da Tarayyar Turai ke son gani da abin da gwamnatin Birtaniya ke son gani, yadda ake mayar da yunwar gari guda ta zama jadawali mai manufa da ma'auni da kasafi. Kuma a nan ake sanin mutane. Wadda ka zauna kusa da ita wata shida, ita ce za ta tuna da kai ranar da aka buɗe gurbi a Juba, ita ce za ta rubuta maka takardar shaida.

To, wa ke iya zama wata shida a Landan ba albashi? Ɗan wanda iyayensa ke da gida a can, ko suke iya biya masa haya. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Birtaniya ta 1998 ta keɓe masu aikin sa kai a ƙungiyoyin jinƙai, shi ya sa ƙungiyoyi da dama suka daɗe suna ba ɗan koyo kuɗin mota da na abincin rana kawai. Faransa ta fi tsanani, domin dokarta ta wajabta biyan alawus ga duk horon da ya wuce wata biyu. Hujjar masu ƙin biya ita ce kuɗin na talakawa ne, duk abin da aka ba ɗan koyo an rage shi ne daga bakin mai jin yunwa. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba a taɓa jin an kawo ta a kan albashin darakta ko kuɗin otal na taro ba. Ga wanda ya tashi cikin Musulunci ma, tambayar tsohuwa ce kuma an daɗe da amsa ta: cikin kaso takwas na waɗanda ake ba zakka har da ma'aikatan da ke tattara ta suna raba ta. Dukiyar miskinai ce, amma an ware wa mai yi mata hidima rabonsa, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Illar ba a kan ɗan koyon kaɗai take tsayawa ba. Wanda ya shiga yau yana ɗan shekara 23, shi ne shugaban shiri bayan shekara goma, shi ne daraktan ƙasa bayan shekara ashirin. Idan aka tace masu shiga da kuɗin iyaye da launin fasfo, to an riga an zaɓi waɗanda za su yanke shawara a kan Diffa da Darfur nan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gane haka. A 2018 babban taronta ya zartar da ƙudurin gyara shirin horonta, da burin a ce aƙalla rabin masu shiga su fito daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ta kuma fara ba da alawus. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara biya a farkon 2020. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe tana biya. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da dama su ma sun daina sanar da gurbin da ba kuɗi. An ci gaba, sai dai alawus ba ya ba da biza, biza kuwa ita ce katangar da ta fi tsayi.

A ƙasarmu labarin wata fuska ya ɗauka. A watan Yuni na 2016 wata tawagar MSF ta isa sansanin da ke harabar asibitin Bama a jihar Borno, ta ba da rahoton ganin kaburbura fiye da 1,200 a kusa da wurin, da yawa na yara. Rahoton ya girgiza duniya. Cikin shekara ɗaya ko biyu Maiduguri ta cika da ƙungiyoyi, fararen motoci suka yawaita, kuɗin haya ya tashi, jirage masu saukar ungulu suka riƙa kai ma'aikata Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno da Ngala da Banki da Rann. Dubban matasa masu digiri da difloma da suka daɗe suna zaune suka sami abin yi. Sai dai mafi yawansu ba ta ƙofar horo suka shiga ba. An ɗauke su ne a matsayin masu tattara bayanai na kwana goma, ko 'yan sa kai masu wayar da kan jama'a, ko tafintoci, ko masu taya rabon kaya, ana biyan su kuɗin yini. Idan aikin ya ƙare a jira wani kiran.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da irin wannan matashi ke koya, domin ba ƙaramin ilimi ba ne. Ana ba shi waya mai manhajar Kobo, a tura shi gida-gida da tambayoyi sittin ko fiye: mutum nawa ne a gidan, sau nawa aka ci abinci jiya, an sayar da akuya ko tukunya don sayen hatsi, daga ina ake ɗebo ruwa. Ana koya masa ɗaura ɗan tsirin awo mai launi uku a damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani, a tura shi asibiti yau ba gobe ba. Yana koyon danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa ya ga ko wurin zai lotsa. Yana ganin yadda ɗan ƙullin nan na gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 kuma aka gwada shi a kan dubun-dubatar yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005, yake tayar da yaron da aka fid da rai da shi cikin 'yan makonni. Bayan wannan akwai abin da ba ya cikin littafin horo. Ba a shiga unguwa sai an gai da bulama ko mai unguwa. Namiji ba ya yi wa matar aure tambaya a kan haila ko juna biyu. Idan ka tambayi magidanci a gaban maƙwabtansa ko iyalinsa sun kwana da yunwa, zai ce maka alhamdu lillahi, ko da kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Ga kuma harshe. Ƙungiyar Translators without Borders, wadda yanzu take ƙarƙashin sunan CLEAR Global, ta yi bincike a sansanonin arewa maso gabas ta gano cewa ƙungiyoyi sun fi dogara da Hausa wajen isar da saƙo, alhali da yawa daga cikin 'yan gudun hijirar Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Marghi ne harshensu, mata da tsofaffi kuma su ne suka fi rasa fahimtar abin da ake faɗa. Wannan gargaɗi ne gare mu masu jin Hausa, kada mu ɗauka don muna 'yan ƙasa mun san kowa. Amma yana nuna darajar yarinyar da ta tashi a unguwar Gwange ko Bulumkutu a Maiduguri tana jin Kanuri da Hausa da Turanci. Ita ce tsohuwa za ta riƙe wa hannu ta ce, "'Yata, an rubuta sunana tun kafin azumi, har yau ban ga kati ba." Ita ce za ta ce, "Ki yi haƙuri, Iya, zan kai maganar," ta kuma koma ofis da nauyin alkawarin a kanta. Babu kwas a Geneva da zai koyar da wannan.

Abin takaicin shi ne wannan ilimi ba ya hawa tsani. Mai tattara bayanai zai yi shekara huɗu yana cika fom a waya, bai taɓa ganin rahoton da aka rubuta da bayanan ba. Ba a kira shi taron da aka tsara tambayoyin ba, ba a nuna masa kasafi ba, bai san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan gari aka bar wancan ba. Ranar da aka buɗe gurbin jami'in shiri, za a nemi wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da rahoton masu ba da kuɗi, sai a ce ba shi da gogewa. Ɗan koyon hedikwata ya san takarda bai san mutanen ba, na fili ya san mutanen an hana shi sanin takarda, kuma na farkon ne ake ɗaukakawa. Haɗarin ma ba daidai ake raba shi ba. A watan Maris na 2018 aka kai hari Rann, aka kashe ma'aikatan agaji uku, aka sace mata uku ma'aikatan lafiya, daga baya aka kashe biyu daga cikinsu, masu aiki da Red Cross. A watan Yuli na 2020 aka kashe wasu biyar da aka sace a Borno. Dukkansu 'yan Najeriya ne. Baƙi ma ba su tsira ba: a ranar 9 ga Agusta na 2020 aka kashe matasa shida Faransawa ma'aikatan ƙungiyar ACTED a Kure, kusa da Yamai, tare da direbansu da ɗan jagoransu 'yan Nijar. Amma a ƙididdigar duniya, mafi rinjayen ma'aikatan agajin da ake kashewa kowace shekara 'yan ƙasar da ake aikin ne. Ma'aikaci mai cikakken kwantiragi yana da inshora da horon tsaro. Ɗan sa kai mai kuɗin yini sau da yawa ba shi da ko ɗaya, a mota ɗaya kuma suke tafiya.

Mun san yadda koyon sana'a na gaskiya yake, domin muna da shi tun kafin a kawo mana takarda. Idan uba ya kai ɗansa wurin tela, akwai haƙƙi a ɓangarorin biyu ko da ba a rubuta ba. Yaro zai share shago, ya yi guga, ya sa maɓalli, a aike shi sayen zare. Maigida kuma zai ba shi na abinci, ya zaunar da shi kusa da shi, wata rana ya miƙa masa almakashi ya tsaya a kansa yana yanka yadin mutane. Idan ya ɓata a yi masa faɗa a nuna masa daidai. A ƙarshe a yaye shi, maigidan kirki har keke yakan saya masa ya tura masa masu ɗinki. Telan da ya riƙe yaro shekara biyar yana guga bai taɓa ba shi almakashi ba, duk layin sun san sunan abin da ya yi. Da wannan ma'auni nake auna horon kowace ƙungiya. Akwai mutum ɗaya sananne da aka ɗora wa alhakin koyar da wannan yaro, kuma yana da lokacinsa? An ba shi wani aiki da zai ɗauka daga farko har ƙarshe, ko da ƙarami ne, a gyara masa, ya sa hannu a kai? An shigar da shi ɗakin da ake yanke shawara ko da sauraro kawai zai yi? Na ga inda ake yin haka, kuma cikin wata shida sai ka ga yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a taro ba ta tsaya tana kare kasafin shirinta a gaban manya.

Akwai darasi guda da bai kamata a jinkirta shi ba ko da kwana ɗaya, shi ne na amana. Ɗan koyo shi ne mafi ƙanƙanta a ofis, amma ranar da ya riƙe takardar sunaye a sansani, a idon mutanen da ke layi shi ne mai bayarwa da hanawa. Za a roƙe shi, za a yi masa tayin kaso, ɗan uwansa zai kira shi ya ce a sa sunan gwaggo. Mafi muni shi ne abin da wani rahoto na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Save the Children ya fallasa a 2002 a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo, inda ma'aikata ke neman 'yan mata da musayar abinci da tamfol. A 2018 kuma jaridar The Times ta tona abin da wasu ma'aikatan Oxfam suka yi a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010. Tun daga nan kowace babbar ƙungiya tana sa sabon shiga ya karanta ƙa'idojin kare mutanen da ake taimako ya sa hannu. Sa hannu abu ne mai sauƙi. Abin da ɗan koyo zai ɗauka shi ne abin da ya ga oga yana yi. Shi kansa ɗan koyon, musamman mace, yana cikin masu rauni, domin makomarta tana hannun mutum ɗaya da zai rubuta mata shaida ko ya ƙi. Ƙungiyar da ba ta nuna wa 'yar koyo tun makon farko inda za ta kai ƙara ba tare da ta bi ta hannun shugabanta ba, ba ta shirya karɓar ta ba.

Ga mai neman shiga, 'yan abubuwa kaɗan sun isa. Babu ƙungiyar agaji ta gaskiya da ke karɓar kuɗin fom ko na intabiyu ko na "riƙe gurbi". Duk sanarwar da ta zo ta WhatsApp da lambar asusu, ta 'yan damfara ce. Guraben gaske suna shafin ƙungiyar da kuma ReliefWeb, wanda aka buɗe a 1996, kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai ke gudanarwa. Akwai kwasa-kwasai kyauta a shafukan Kaya da DisasterReady, littafin Sphere ma kyauta ake sauke shi. Wanda ya iya Excel da kyau kuma yake iya rubuta shafi ɗaya na rahoto mai tsabta ya riga rabin masu nema. Ɗan Nijar da ya ƙara Turanci a kan Faransancinsa, ko ɗan Najeriya da ya ƙara Faransanci, ya buɗe wa kansa yankin Tafkin Chadi gaba ɗaya. Kafin a sa hannu kuma a tambaya: nawa ne alawus, wa zai kula da ni, akwai inshora idan za a fita da ni wajen gari, wace takarda za a ba ni a ƙarshe. Tambayar ba rashin kunya ba ce.

Duk wannan kuwa yana faruwa ne a lokacin da fagen kansa ke girgiza. A ranar 20 ga Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, a watan Maris ta sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen hukumarta ta USAID, a farkon Yuli aka rufe hukumar. A watan Fabrairu Birtaniya ta ce za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa 2027. An rufe cibiyoyin tamowa, an sallami ma'aikata a Maiduguri da Damaturu da Yola, masu gogewar shekara goma suka dawo suna neman guraben da da na sababbin shiga ne. A irin wannan yanayi jarabar a bayyane take: a sallami jami'i mai albashi, a ɗauko mai digiri na biyu a kira shi ɗan koyo, ya yi aikin duka a kan kuɗin mota. Idan babu wanda ya rage a sashen da zai koya masa, wannan ba horo ba ne, kuma bai halatta a kira shi haka ba.

Inda nake ganin ƙofa tana buɗewa shi ne ƙananan ƙungiyoyin gida. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a watan Mayu na 2016, manyan masu ba da kuɗi da manyan ƙungiyoyi sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin ƙasa kai tsaye gwargwadon iko. Ba a cika alkawarin ba, ko kusa. Duk da haka, yayin da manyan ke janyewa, aikin na gida ake bar wa. A ƙungiya mai ma'aikata goma sha biyu a Gusau ko Tawa, ɗan koyo zai je ƙauye ranar Litinin, ya zauna da mai kula da kuɗi ranar Laraba, ya taya rubuta takardar neman tallafi ranar Juma'a, don ba wanda zai yi in ba shi ba. Matsalarsu ita ce ba su da abin biyan alawus, saboda kwangilar da manyan ke ba su ta aikin fili ce kawai, sau da yawa ba ta ɗauke da kuɗin gudanar da ofis balle na horar da wani. Gyaran a cikin kasafi yake. Duk babbar ƙungiyar da za ta ba ta gida kwangilar shekara guda tana iya ƙara layi biyu: alawus da inshorar 'yan koyo biyu, da kuma wani kaso na lokacin jami'in da zai koyar da su, a rubuce, a kuma tambayi sakamakonsa a rahoton ƙarshe kamar yadda ake tambayar adadin rijiyoyin da aka haƙa.